Babu abin da ya faru a hanya, kuma shaidata ke nan

Yau sati uku ke nan da saukata a Nairobi, sai yanzu na samu na zauna in rubuta wannan, don tun da na zo kullum da dare in na dawo daga lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, sai wanka sai barci. Mutane da yawa sun yi ta turo mun saƙo, yaya hanya, kin sauka lafiya, ba a ba ki wahala ba ko? Ni kuma amsa ɗaya nake bayarwa, lafiya lau, mun gode Allah. To amma raina bai kwanta da wannan gajeriyar amsar ba, sabida abin da Ubangiji ya yi mun ya fi ƙarfin "lafiya lau" guda ɗaya a WhatsApp.

A cocinmu in an ce lokacin shaida ya yi, yawanci wanda zai tashi shi ne wanda mota ta kife da su ya fita ba ko ƙwarzane, ko wanda 'yan bindiga suka tare motar da ke gabansu, ko wadda likitoci suka cire rai da ita ta tashi. Kuma daidai ne, dole a yabi Ubangiji a kan waɗannan. Amma tun da nake ban taɓa ganin wanda ya miƙe ya ce 'yan'uwa na tafi na dawo, taya ba ta fashe ba, ba wanda ya tsayar da mu, jakata ba ta ɓata ba, ku taya ni godiya. Kamar muna ganin wannan bai kai shaida ba. Ni kam tawa ke nan, daga ƙofar gidanmu a Bukuru har ɗakin da nake zaune yanzu babu abin da ya faru, kuma ina so in ba da labarinta dalla-dalla.

Ga wanda bai sani ba, na zo horon sanin makamar aiki ne na wata shida a ILRI, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ƙasa da ke nan gefen Nairobi wajen Uthiru. Ni a Vom na yi karatu na kuma fara taɓa aikin lab, kuma duk wanda ya zauna Vom ya san yadda ake ji da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta can, tun 1924 take, a 2024 ta cika shekara 100 cif. Cutar bushiya da ta riƙa share garken shanu ce sanadin kafa ta, sai ga shi allurar rigakafin da ta taimaka aka gama da bushiyar a nan Kenya aka haɗa ta, a Muguga, aikin wani likitan dabbobi Bature Walter Plowright, har a 2011 aka sanar cutar ta ƙare a duniya baki ɗaya. Muguga ɗin ba nisa daga inda nake. Ranar da malaminmu ya koya mana wannan a aji ko a mafarki ban kawo wa raina cewa zan taka ƙasar ba.

To bari in fara daga takardu don nan ne zuciyata ta fi tsinkewa. Fasfo dai Allah ya taimake ni na yi shi tun farkon shekara lokacin ma ban san za a ɗauke ni ba, Baba ne ya matsa, ya ce wanda ke roƙon ruwa ai sai ya gyara randa. Ashe daga 1 ga Satumban 2024 za a ƙara kuɗin, ƙaramin fasfon ya tashi daga naira dubu 35 zuwa dubu 50. Biza kuma, a Janairun 2024 Kenya ta cire ta ta koma wani izinin shiga da a lokacin tafiyata ake cikewa ta intanet, eTA, ka sa hoton fasfo da tikiti da adireshin inda za ka sauka ka biya dala talatin da 'yan kai. Na cike da dare ina ta fargabar ko katina zai ƙi biyan dala, ya wuce sau ɗaya, kwana biyu sai ga imel an amince. Takardun zama na horon kuma ofishinsu ne suka bi mun. Katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, shi ma na karɓa ba wani jeka-ka-dawo.

Satin tafiyar ne ya zo da nashi. Ranar Talata 3 ga Satumba aka wayi gari man fetur ya yi tsalle daga ɗari shida da wani abu zuwa kusan naira 900, ga layi a gidajen mai kamar ba za a ƙare ba, kuɗin mota ya tashi nan take. Mama ta shiga damuwa, ta ce in aka je tasha ranar Juma'a ba mota fa? Daren Alhamis aka yi mun addu'ar sallama a falonmu, fastonmu ya zo da dattawa biyu, matan zumunta kusan goma da zanensu iri ɗaya, 'yan sabon rai da muke waƙa tare, har wasu a ƙofa suka tsaya. Ni na ɗauka Zabura 121 za a karanta kamar yadda aka saba in wani zai yi tafiya, sai Baba ya ce a buɗe Ezra sura 8.

Ban taɓa lura da wurin nan ba sai ranar. Ezra zai kwashi jama'a daga Babila zuwa Urushalima, da yara ƙanana da kayan zinariya da azurfa na Haikali, hanya cike da 'yan fashi, kuma ya ji kunyar roƙon sarki sojoji su raka su tunda shi da bakinsa ya faɗa wa sarki cewa hannun Allahnsu yana kan masu nemansa. Sai ya tara su a bakin kogin Ahawa suka yi azumi suka roƙi hanya mai lafiya. Baba ya cire tabarau ya ce ku duba da kyau, tafiyar wata huɗu ce, amma labarin tafiyar kanta aya ɗaya ce da 'yar ƙari, sun tashi, hannun Allah yana bisansu, ya tsare su daga masu kwanto, sun isa, sun huta kwana uku. Ya ce abin da nake roƙa wa 'yar nan ke nan, tafiyar da labarinta ba zai yi tsawo ba. Wata mama a cikin zumunta ta ɗaga murya ta ce amin, aka durƙusar da ni a tsakiya aka ɗora mun hannu. Har yanzu ina jin nauyin hannuwan nan a kafaɗata, ɗaya yana ƙamshin daddawa don daga kicin ta fito.

Maganar daddawa, bari in faɗi na kaya. Mama ta haɗa mun acca mudu biyu, kuka, busasshiyar kuɓewa, yaji, daddawa, ƙuli-ƙuli, kowanne ta ƙulle shi a leda ta sake sa shi a wata ledar. Sai a daren na tuna a cikin imel ɗin da aka turo mun an rubuta kar in shigo da leda, Kenya ta haramta ledar zuba kaya tun 2017 kuma ba wasa suke da dokar ba. Haka muka zauna ni da ita da ƙanwata har ƙarfe goma sha biyu muna juye komai a robobi masu murfi muna naɗe bakin da salatif. Kilishin da Kawu ya aiko kuma na ce a bar shi a gida, ni da na karanci lafiyar dabbobi na san dalilin da ya sa ƙasashe ba sa son a tsallaka musu iyaka da nama, ba zan zama mai karya abin da nake koya ba. Mama ba ta ji daɗi ba amma ta haƙura. Muka ɗora jakunkunan a kan sikelin maƙwabcinmu mai sayar da dankali, ɗaya kilo 22 ɗaya 21, iyaka kuwa 23 ne kowace.

Juma'a da asuba Baba ya kai ni tasha, mota tana nan, direban ya ce tun jiya ya kwana a layi ya cika tanki. Kafin bakwai mun cika mun tashi. Duk wanda ya san hanyar Jos zuwa Abuja ya san inda ake riƙe numfashi, in an wuce Riyom aka fara gangaren Hawan Kibo, ga kwana-kwana ga manyan motoci, ga shi damina ba ta ƙare ba hazo ya sauko har kan kwalta. Akwai wata tirela da ta daɗe da faɗuwa a gefe ciyawa har ta fara fitowa ta cikinta, na kalle ta na kau da kai na ci gaba da addu'a a zuci. Direbanmu dattijo ne, bai yi gudu ba, bai yi ta ƙoƙarin wuce kowa ba, wani fasinja ma har ya fara ƙorafi wai muna tafiyar hawainiya, ya ce masa ɗana gara a makara da a rasa. Muka sauka gangaren lafiya, muka tsaya Akwanga aka sha ruwa, Keffi, Masaka, go-sulo ɗin Mararaba da Nyanya da kowa ke tsoro ma ranar da sauƙi, ina jin rashin man ne ya rage motoci a titi. Kafin ƙarfe ɗaya ina gidan Anti a Lugbe ina cin tuwo.

Asabar tun da hantsi mijin Anti ya sauke ni a filin jirgin Nnamdi Azikiwe. Wannan ne karo na farko da zan shiga jirgi a rayuwata, kuma abin da ya fi damuna shi ne zafin jiki. Tun 14 ga Agusta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ƙyandar biri a matsayin abin gaggawa, ana ta auna zafin jikin matafiya, ni kuwa sati biyu kafin nan na yi fama da maleriya, sai nake ta tunanin in na'urar ta nuna ja fa, su ajiye ni gefe jirgi ya tashi ya bar ni. Ba abin da ta nuna, nan ma da can Nairobi ma. Aka auna kaya, aka ba ni bodin fas guda biyu, matar ta ce jakunkunanki sai Nairobi za ki gan su kar ki neme su a Addis Ababa inda za ki sauya jirgi. Jami'in imigireshin ya tambaye ni me za ki je yi, na miƙa masa wasiƙar gayyata, ya karanta, ya buga hatimi, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Shi ke nan fa. Na tsaya bayan na wuce ina jiran wani ya kira ni ya ce dawo, ba wanda ya kira.

A cikin jirgin Ethiopian ɗin aka haɗa ni kujera da wata Hajiya 'yar Kano, 'yar kasuwa ce za ta China saro kaya, ta ce ta daina ƙirga sau nawa ta bi ta Addis. Da ta ga yadda na ƙanƙame hannun kujera lokacin da jirgi ya fara gudu sai ta dafa ni ta ce 'yata karon farko ne ko, ki haɗiye miyau kunnenki zai buɗe. Ta yi bisimillarta na yi addu'ata cikin sunan Yesu, jirgi ya ɗaga. Wajen awa biyar muka yi a sama muna hira, ta tambaye ni aikin da zan je yi, na ce binciken cututtukan shanu da awaki, ta ce to ku yi da kyau don mahaifinta ma da kiwo ya rene su. Da muka sauka filin jirgin Bole na Addis dare ya yi, agogo ya ƙaru da awa biyu, filin jirgin kuma cike maƙil da mutane kowa na gudu da jakarsa, ga wani sanyi, Addis ai ta haura mita 2,300 a sama. Ni kaɗai da na rikice. Hajiya ta ce kawo takardarki in gani, ta duba allo, ta ja ni muka bi layin bincike tare, ta kai ni har ƙofar da jirgin Nairobi zai ɗiba, alhali tata ƙofar tana can wani ɓangare. Na ce Hajiya na gode Allah ya saka da alheri, ta ce Allah ya ba da abin da aka je nema, ki riƙe addininki ki riƙe mutuncinki, ta juya ta tafi. Ko lambar waya ba mu karɓa ba. Ni da na girma a Jos na san abin da ya sha shiga tsakaninmu Kirista da Musulmi, shi ya sa wannan abin ya tsaya mun a rai, na roƙi Ubangiji ya aiko mun mai taimako a hanya kuma ita ya aiko, ina sa ta a addu'a har yau.

Daga Addis zuwa Nairobi awa biyu ne kawai, barci ma na yi. Muka sauka filin jirgin Jomo Kenyatta tsakar dare, Lahadi ta riga ta shiga. Aka duba katin shawara, aka duba eTA, aka ɗauki hoton yatsu, aka ce karibu, wato barka da zuwa. A wajen ɗaukar kaya na tsaya ina kallon bel ɗin yana juyawa, jakata mai ɗaurin jan ƙyalle da Mama ta yage daga tsohon zaninta ta fito, ta biyun tana bin ta a baya, ba wadda ta fashe, yaji bai zube ba. A nan ne hawaye suka zo mun, ban san dalilin da ya sa sai a kan jaka ba. Ina fita na ga direba riƙe da takarda da sunana, an rubuta shi daidai. Na nufi ɓangaren dama zan shiga gaba sai na ga sitiyari a wurin, su ta hagu suke tuƙi, ya yi murmushi ya buɗe mun ɗaya ƙofar. Muka hau sabuwar hanyar sama da aka buɗe a 2022, titi fayau, kafin minti arba'in ina ɗaki. Na jona wayata da wayifai na kira gida, ƙara ɗaya Mama ta ɗauka, ashe ba wanda ya kwanta, ina jin Baba daga nesa yana cewa a yi godiya, a yi godiya, suka fara waƙa a wayar.

Sai bayan kwana uku na gane girman abin. Ranar Laraba 11 ga Satumba ma'aikatan wannan filin jirgin da na sauka suka shiga yajin aiki a kan shirin ba kamfanin Adani na Indiya hayarsa, jirage suka tsaya, mutane ɗaruruwa suka yi cirko-cirko da kayansu. Kuma da farko tikitin tsakiyar sati na so saya don ya ɗan fi araha, mai kula da ni a wurin aikin ce ta ce gara in zo ƙarshen mako in huta kafin Litinin. Da na gani a talabijin sai na zauna a bakin gado na kasa cewa komai.

Amma a nan ina so in yi hankali da bakina. Mutanen da suka kwana a ƙasa a filin jirgin ranar, ba wai Allah ya fi sona da su ba ne, na tabbata a cikinsu akwai waɗanda aka ɗora wa hannu aka yi musu addu'a kamar ni. A satin nan dai, ranar 10 ga wata, madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shanye Maiduguri, wata ƙawata 'yar cocin EYN da muka yi makaranta tare da kayan jikinta kawai ta fita, ina nan ina murnar robar yajina ba ta fashe ba ita kuwa takardun makarantarta duka sun tafi. Na yi kwana biyu ina jin nauyin in ma ce na gode a fili. Bulus manzo ai bawan Allah ne ya fi ni nesa ba kusa ba, amma tafiyarsa zuwa Roma sati biyu guguwa tana wujijjiga su har jirgin ruwan ya farfashe, su 276 a kan katako wasu suka kai gaci, kuma Ubangijin da ya bi da Ezra lafiya shi ne yake tare da shi a cikin ruwan. Don haka ban ɗauki sauƙin hanyata a matsayin lada ba, alheri ne aka ba ni ban biya ba. Da na kira ƙawar tawa ina ta kame-kame, ita ce ma ta ce ke ki yi godiyarki da ƙarfi, mu ma muna yi, mun fita da rai. Na tura mata ɗan abin da ya rage mun na guzuri, ba yawa.

Lahadin da ta biyo na nemi coci. Wata abokiyar aiki ta kai ni nasu cocin, AIC, kuma ina shiga na ji kamar ina ECWA, tsarin sujadar, kwaya, matan da ke zaune gefe guda da ɗankwali iri ɗaya. Ashe tarihin ma ya yi kama, su daga mishan ɗin AIM suka fito wanda ya iso Kenya a 1895, mu kuma daga mishan ɗin SIM da su Rowland Bingham suka fara zuwa Najeriya a 1893. In mai jagora ya ce Bwana asifiwe, wato a yabi Ubangiji, sai kowa ya amsa amina. Rabin sujadar da Swahili ne ban ji ba, sai dai kalmomi suna ta faɗo mun a kunne kamar 'yan gida, dunia, Zaburi, Injili, malaika. A kasuwa ma haka, ishirini, thelathini, arobaini, hamsini, mai sayar da tumatir ta yi mamaki da na gane kuɗin tun kafin ta juya mun da Turanci. Aka ce baƙi su tashi, na tashi na ce daga Najeriya nake, na zo lafiya, ina so in gode wa Allah don hanya. Suka tafa, wata tsohuwa ta rungume ni bayan an tashi ta ce in zo gidanta shan shayi.

Sauran abubuwan ina koya a hankali. Garin ya fi Jos tsayi, kusan mita 1,800, sanyin safiya sai da suwaita amma ɗan Filato ba zai ji baƙunta ba. An buɗe mun M-Pesa, asusun kuɗi na waya, da shi ake biyan komai har kuɗin matatu, wato bas ɗin haya. Ugali tuwon masara ne sai dai ya fi namu tauri kuma ba miya mai yauƙi, da ganye suke ci, shi ya sa ranar Asabar na kaɗa miyar kuka na kira 'yan ɗakinmu biyu, ɗaya 'yar Uganda ɗaya 'yar nan, suka cinye suka ce a ƙara. A lab kuma an fara barina ina cire DNA daga samfurin jini ni kaɗai, hannuna ya daina rawa a kan fifet, ɗan bututun da ake zuƙo samfuri da shi.

Na tura wa Mama kuɗi daga alawus ɗina na farko na ce ranar Lahadi mai zuwa ta fita baikon godiya a madadina, kuma in an ba ta makirfo kar ta ƙara komai a kai, ta ce 'yata ta tashi daga Bukuru ta isa Nairobi ba abin da ya same ta a hanya. Ta ce za ta faɗa, amma ita sai ta yi rawa tukuna, kuma matan zumunta sun riga sun ce za su raka ta gaba. Ƙanwata za ta ɗauka a waya ta turo mun, in data ta yarda zan sa muku.